Wai su waye Daft Punk ɗin nan masu hular kwano, kuma me ya raba su?

ɗan_gwammaja

Slm jama'a, barkanmu da war haka. Ni dai sana'ata tura waƙoƙi da finafinai a waya a nan Farm Centre, kuma a ganina babu waƙar da mutum zai zo ya tambaya in ce ban taɓa jin sunan mai ita ba, daga na Indiya har na Kudu har namu na gida. To shekaranjiya wani yaro ɗan jami'a ya zo da memori ya ce in zuba masa Daft Punk gaba ɗaya, na ce wa? ya sake faɗa, na ce ɗan uwa rubuta min a takarda. Wlh kunya ta kama ni don a gaban yarona aka yi. Da daddare na sa data na duba sai na ga ashe wasu mutum biyu ne da hular kwano, ɗaya ruwan azurfa ɗaya ruwan gwal, ba fuska ba komai sai kace mutum-mutumi, kuma abin haushin ashe na san waƙarsu ɗaya, Get Lucky, na sha tura wa mutane ita amma duk a zatona ta Pharrell ce shi kaɗai.

To tambayata ga masana, su waye su ɗin? 'Yan wace ƙasa ne? Yaron ya ce min wai kiɗan hawus suke yi, ni da farko na ji kamar ya ce kiɗan Hausa har na yi dariya. Kuma na ga ana ta rubuta 1993 zuwa 2021 a ƙasan bidiyoyinsu, mutuwa suka yi ko faɗa suka yi? Sannan ita hular mene ne amfaninta, mutum yana da suna irin wannan ya ɓoye fuskarsa? Don Allah wanda ya sani ya warware min kar a sake kunyata ni a shago.

Kawu_Sabongari

Wa alaikumus salam ɗana. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don lokacin da One More Time ta fito ina cikin masu ɗaukar sifika a kai muna zuwa fati a Sabon Gari, yanzu kuwa gemu ya yi fari sai dai labari.

Ba su mutu ba, suna nan da ransu, rabuwa suka yi. Faransawa ne 'yan birnin Faris. Mai hular azurfa, dogon, shi ne Thomas Bangalter an haife shi 1975, mai ta gwal kuma Guy-Manuel de Homem-Christo an haife shi 1974, kar ka wahalar da harshenka kowa Guy-Man yake ce masa. A makarantar sakandare suka haɗu a 1987, wata Lycée Carnot, ka ga abota ce ta tun ana yara ba haɗin kasuwa ba. Shi Thomas ɗin ma gado ya yi, babansa Daniel Vangarde yana cikin waɗanda suka rubuta waƙar nan D.I.S.C.O. ta Ottawan, duk wanda ya yi samartaka wajen 1980 ya san ta.

Da farko ma ba kiɗan na'ura suke yi ba, jita suke kaɗawa su uku da wani abokinsu Laurent Brancowitz, sunan ƙungiyar Darlin'. Sai wani ɗan jarida a mujallar Melody Maker ta Ingila ya saurari abin da suka yi ya kushe shi, a cikin zagin nasa ya haɗa kalmomin nan daft da punky, wato dai kiɗan shirme na 'yan tasha. Maimakon su yi fushi sai suka ɗauki zagin suka mai da shi suna, kamar dai yadda ake yi wa yaro laƙabin tsokana a unguwa ya ƙi jin haushi har ya bi shi ya zama da shi ake kiransa a gidan surukai. Na ukun ya tafi ya shiga ƙungiyar Phoenix, su ma sun yi suna, su biyun kuma suka ajiye jita suka sayi injinan kiɗa a 1993.

Shi kiɗan hawus ba ruwansa da Hausa, kuma asalinsa ma ba na Turawan Faransa ba ne, baƙaƙen fata ne suka ƙirƙiro shi a Chicago ta Amurka a farkon shekarun 1980, ana danganta sunan da wani gidan rawa Warehouse inda Frankie Knuckles yake sa faifai. Ganga ce ta inji mai bugu huɗu daidai wa daida, dum dum dum dum, ba ta gajiya ba ta saɓawa, sai a ɗora guntayen tsofaffin waƙoƙin disko a kai ana maimaitawa. Su Daft Punk ba su ɓoye inda suka koya ba, a albam ɗinsu na farko akwai waƙa guda mai suna Teachers da ba abin da ake yi a ciki sai jero sunayen malamansu, yawanci 'yan Chicago ɗin. Wannan abin ya burge ni da su tun lokacin, don mu nan yaro zai koyi aiki a hannunka shekara uku ranar da ya buɗe nasa ya ce shi baiwa ce daga Allah ba wanda ya koya masa.

Faifansu na farko wani ƙaramin kamfani ne a Glasgow, Soma, ya fitar a 1994, sai Da Funk a 1995 ita ce ta sa manyan kamfanoni suka fara zawarcinsu har suka sa hannu da Virgin a 1996. Albam ɗin farko Homework ya fito Janairun 1997, kuma a ɗakin kwanan Thomas suka haɗa shi, ba wani katafaren situdiyo ba. A ciki Around the World take, wadda kalma ukun nan kaɗai ake ta nanatawa har sau 144, na san za ka ce wannan ai rainin hankali ne, to saka ta a sifika mai kyau ka ji yadda bes ɗin yake tafiya tukuna ka dawo mu yi magana.

Sai Discovery a 2001, nan ne One More Time da Digital Love da Harder, Better, Faster, Stronger suke, kuma nan ne aka fara ganinsu da hular. Kafin nan ma ba sa yarda a ɗau fuskarsu, wani lokacin abin rufe fuska na roba suke sawa wani lokacin baƙar jaka. Da 'yan jarida suka dame su da tambaya sai suka shirya tatsuniya wai ranar 9 ga watan 9 na 1999 da ƙarfe 9 da minti 9 injinsu ya yi bindiga a situdiyo, da suka farfaɗo suka ga sun zama mutum-mutumi. Ƙanzon kurege ne kowa ya sani, amma a kansa suka tsaya shekara ashirin.

Bari in tsaya nan an kira magariba, wasu su ɗora.

Baban_Ummi

Hhhh hular kwano dai? Ashe tun kafin a kafa mana dokar nan ta 2009 su sun riga sun bi doka. Ku tuna lokacin da 'yan acaɓa a garin nan suke kifa ƙwarya a kai su ɗaura mata igiya su ce ai hula ce. Da an kawo mana irin tasu mai fitila da ba wanda zai yi gardama.

Amma tsakani da Allah ni ban ga abin yabo ba, na taɓa jin an ce duk waƙoƙin nasu na mutane ne suke yanka su manna. In haka ne ai ba makaɗa ba ne, teloli ne.

mai_fiyano_zooroad

Baban Ummi ka yi min laifi amma na yafe don ka ba ni dariya. Ni aikina ke nan, shekarata tara ina buga kiɗa a situdiyo, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Eh gaskiya ne suna yanka. Harder, Better, Faster, Stronger daga waƙar Edwin Birdsong aka ciro ƙashin bayanta, Cola Bottle Baby. Digital Love daga George Duke. Robot Rock ta albam ɗin 2005 kuwa kusan ɗungurungum aka ɗauko daga wata ƙungiya Breakwater, wannan kam ko ni da nake son su na ce an yi son banza. Amma je ka nemo More Spell on You ta Eddie Johns ka saurara sannan ka saurari One More Time. Ƙahonin da ke cikin ta farkon sun yanka su gutsi-gutsi, kowanne bai kai daƙiƙa ɗaya ba, suka juya jerin suka sake ɗinke shi ya ba da wani amo dabam wanda babu shi a asalin, shekaru mutane suna jin waƙar ba su gane daga ina take ba. In wannan ɗinki ne to irin na telan da zai karɓi tsohuwar shaddar babanka ya fitar maka da sabuwar riga ka shiga taro ba wanda ya gane ne. Na gwada yi da wani tsohon faifan kalangu da na samu, kwana uku ina fama abin ya ƙi zama, sai ka ji wajen yankan yana tsalle kamar kaset ya cinye zare.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne maganar haƙƙi. Shi Eddie Johns ɗin ɗan Laberiya ne, kuma a 2021 jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin cewa mutumin ya yi shekaru cikin talauci har da rashin wurin kwana bai ga ko kwabo daga waƙar ba, alhali ɓangaren Daft Punk sun ce suna biyan kuɗin ga kamfanin da ke riƙe da haƙƙin faifan. Ka ga kuɗin yana fita amma bai isa hannun mai shi ba. Wannan ciwon mun san shi a nan, sau nawa na buga kiɗa aka ba ni kuɗin zama ɗaya, waƙar ta zaga gidajen biki har Nijar da Kamaru, wanda ya yi ta ya sayi mota ni ko sunana ba a ambata ba. Ba zan kama suna ba.

Sai maganar murya. Duk wanda yake zagin mawaƙanmu wai sun cika sa otocun murya ta koma kamar ta aljani, to ya sani One More Time da duniya take rawa da ita muryar wani Ba'amurke ce Romanthony aka matse ta da na'ura da gangan, kuma su ma an zage su a kan haka lokacin. Bambancin kawai su sun sa ne don abin da suke son faɗa ke nan, mutum ya zama inji inji ya zama mutum, mu kuma sau da yawa muna sawa ne don mai waƙar ba ya iya riƙe murya kuma yana sauri zai tafi wani situdiyon. Laifin ba na na'urar ba ne.

Kuma abin da zai ba ka mamaki Baban Ummi, mutanen da kake kira teloli su ne a albam ɗinsu na ƙarshe, Random Access Memories na 2013, suka ture kwamfuta gefe suka kwaso tsofaffin makaɗa na hannu, mai ganga na gaske mai jita na gaske, suka shiga manyan situdiyo a Faris da New York da Los Angeles suna ɗauka har a kan tef irin na da. Yankan waƙar wani sau ɗaya tak suka yi a albam ɗin gaba ɗaya, a waƙar ƙarshe Contact. Jitar da kake ji a Get Lucky hannun Nile Rodgers ne na ƙungiyar Chic, wanda tun 1970 da wani abu yake wannan kaɗin. Akwai ma wata mai minti tara da suka zaunar da dattijo Giorgio Moroder yana ba da tarihin rayuwarsa da bakinsa suka gina kiɗa a ƙarƙashin maganar, ni duk lokacin da na ji ta sai in ce ina ma wani ya yi wa tsofaffin makaɗanmu haka kafin su ƙare, a zaunar da mai kukuma ko mai gurmi ya yi ta ba da labari a ɗora masa kiɗa. Lokacin da kowa ya koma yin kiɗa a laftof saboda su, su kuma suka juya baya suka tafi wajen masu hannu. Albam ɗin ne ya ci kyautar Grammy ta albam ɗin shekara a Janairun 2014, Get Lucky ta ci ta faifan shekara, suka hau dandamali da fararen kaya har da Stevie Wonder, kuma ko a wajen karɓar kyautar ba su ce uffan ba, Pharrell da Paul Williams ne suka yi magana a madadinsu.

Baban_Ummi

To na janye teloli, amma Robot Rock ɗin nan na je na ji, kai ma ka san sata ce da rana tsaka.

Anti_Damagaram

Sannunku da hira. Ɗan Gwammaja ba wanda ya amsa maka tambayarka ta ƙarshe duk sun tafi yawo, bari in gwada. Ni a Yamai na yi karatu kafin aure ya kawo ni Kano, can kuwa tashoshin Faransa muke kallo shi ya sa na taso da su. Abin da ya fara ja na ma ba kiɗan ba ne, katun ne, wani fim Interstella 5555 na 2003 da suka yi da mai zanen Japan Leiji Matsumoto, babu magana ko ɗaya a ciki albam ɗin Discovery ne daga farko har ƙarshe aka zana masa labari, wasu mawaƙa masu shuɗiyar fata aka sato daga wata duniya aka canza musu kama aka goge musu tunani ana neman kuɗi da su. In ka kalli wannan ka gane ra'ayinsu game da harkar suna da kamfanonin waƙa ba sai an yi maka bayanin hula ba.

Ni a fahimtata hular 'yanci ta saya musu. Mutum ya cika fili da dubban mutane yau, gobe ya shiga jirgin ƙasa a Faris ya je ya sayo burodi ba wanda ya waiwaye shi. Ka kwatanta da namu, mawaƙi ko ɗan fim ba ya iya shiga Kantin Kwari ya sayi yadi biyar sai an taru a kansa, in ya yi aure magana in ya saki magana, waƙa ɗaya sai ya ambaci sunansa sau biyar da na situdiyo da na ubangidansa don kar a manta. Su kuwa shekara 28 albam huɗu kacal, 1997 da 2001 da 2005 da 2013, in ka cire kiɗan fim ɗin Tron: Legacy na 2010 da faifan wasanninsu biyu. Yawon wasa ma sau biyu suka yi, na 1997 da na 2006 zuwa 2007 wanda suka fara a bikin Coachella suna tsaye a cikin wata dala ta fitilu. Kuma fa kafin wannan dalar mutane sun fara cewa sun ƙare, don Human After All na 2005 cikin sati shida suka haɗa shi kuma an kushe shi sosai, sai da aka ji waƙoƙin a filin wasa an cakuɗa su da tsofaffin sannan masu zagin suka yi shiru. A 2007 Kanye West ya ɗauki muryar Harder, Better ya yi Stronger, ka ga masu yanka su ma an yanke su. Ɗan Gwammaja na tabbata kana da Starboy da I Feel It Coming na The Weeknd a kwamfutarka, duba sunan da kyau za ka gansu a jiki, 2016 ke nan, kuma Starboy ce waƙarsu ta farko da ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, bayan shekara ashirin da uku suna abu.

Rabuwar kuma ba faɗa aka ji ba, ba kotu ba, ba wanda ya fito ya yi habaici. Ranar 22 ga Fabrairun 2021 kawai suka saka bidiyo mai kamar minti takwas a YouTube mai suna Epilogue, wani yanki ne daga fim ɗinsu Electroma na 2006. Su biyu suna tafiya a hamada, mai azurfa ya tsaya, ya cire rigarsa ya juya baya, akwai wani maɓalli a bayansa, ɗan uwan ya tsaya jim sannan ya murɗa masa, ya taka ya yi nisa ya tarwatse. Sai aka rubuta 1993 zuwa 2021, ɗayan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai wajen rana. Wallahi ina kicin na kalla a waya sai da na zauna, maigidan yana tambayata wa ya rasu na rasa yadda zan ce masa mutum-mutumi ne. Mai magana da yawunsu ta tabbatar sun rabu ba ta ba da dalili ba.

Sai a 2023 Thomas ya fito da fuskarsa a fili, da furfura da tabarau, ya saki Mythologies wanda kiɗan ƙungiyar makaɗa ne zalla na rawar bale ba inji ko ɗaya, kuma a hirarsa da BBC ya nuna cewa yadda fasahar ƙirƙirarriyar basira take tafiya ya dame shi, su dama a ɓangaren ɗan Adam suke ba na inji ba, kuma a duniyar yanzu abu na ƙarshe da zai so ya zama shi ne mutum-mutumi. Shi Guy-Man dama can ba mai magana ba ne, shiru ya ci gaba da yi.

Ni dai ina ganin sun kyauta da suka tafi a lokacin, ko da yake har yanzu ina jin haushin ban taɓa ganin dalar nan ido da ido ba.

Kawu_Sabongari

Hajiya kin gama magana. Abu ɗaya zan ƙi yarda da ke, ni Discovery ne ƙarshensu a wajena, na 2013 ɗin kiɗan otal ne na masu kuɗi, yana da kyau amma ba ya sa gumi. Mai fiyano kar ka zo min da dogon bayani na san abin da za ka ce.

ɗan_gwammaja

Kai jama'a na gode ƙwarai, Kawu Allah ya ƙara girma, Anti Allah ya bar zumunci, oga mai fiyano kai kuma zan zo har Zoo Road ka nuna min yankan nan da idona don ban gane yadda daƙiƙa ɗaya take zama waƙa ba. Na duba kuma gaskiya ne Starboy tana cikin fulda ta tun tuni da sunansu a jiki ban taɓa lura ba. Na sauke Homework da Discovery jiya, na saka Around the World a sifikar shago maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo ya ce faifan naka ya maƙale ne? Na ce a'a haka take, ya ce to Allah ya kyauta, bayan minti biyu na gan shi yana gyaɗa kai yana riƙe da ayan.

Yaron zai dawo gobe da memorinsa, giga huɗu ce kawai kuma rabi hotuna ne, wanne zan fara zuba masa?

mai_fiyano_zooroad

Alive 2007, faifan wasansu na dalar nan. In ya rage wuri ka sa masa Discovery. Kuma Kawu ina nan zuwa da dogon bayanin, bari a kawo wuta.